Yadda gyaran makarantun ƙauye ke cin karo da damina a arewacin Kano

A watan Agusta, duk wanda ya sauka daga titin Kano zuwa Ɗambatta ya kama hanyar burji, ba zai hango makarantar firamare ba sai ya zo dab da ita. Gero ya yi tsayi ya rufe ko'ina, gonaki kuma sun matso har jikin bangon aji. Abin da ido ke fara cin karo da shi shi ne rufi: wani kwanon ya yi tsatsa, wani iska ta naɗe shi ta ajiye a gefe, wani wurin kuma katako ne tsirara yana shan ruwa.

Yara suna dogon hutu. Daga ƙarshen Yuli ko farkon Agusta zuwa cikin Satumba, kusan makonni shida, azuzuwa a wofi suke. Hutun Disamba da na wajen Afrilu gajeru ne, ba sa isa a kware rufi a mayar. Saboda haka hedimasta da ɗan kwangila da kwamitin makaranta duk wannan tsakanin suke jira domin a gyara abin da ya lalace, a kuma ƙara aji ɗaya ko biyu kafin sababbin ɗalibai su shigo.

Matsalar ita ce, a ƙasar Kano babu lokacin da ya fi wannan rashin dacewa da gini. Agusta ne watan da aka fi samun ruwan sama a shekara. Shi ne watan da kowane hannu ke gona, kuma shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗi ya yanke a hannun manomi, sabon gero bai shigo ba. Wannan saɓani tsakanin kalandar makaranta da ta gona yana cikin dalilan da ke sa ake komawa makaranta a tarar da ginin da aka fara ya tsaya a linta.

Girman aikin

Gwamnatin jihar da kanta ta faɗi yadda lamarin ya kai. Ranar 8 ga Yuni, 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. A jawabinsa na ranar ya ce daga cikin azuzuwa 42,516 da ake da su a makarantun matakin farko, kashi 22 cikin 100 ne kawai suka cancanci a zauna a cikinsu. Ya ce yara fiye da miliyan 4.7 a ƙasa suke zama su ɗauki darasi, kuma akwai makarantu sama da 400 da malami ɗaya ne ke riƙe da dukkan azuzuwansu. Ya yi alƙawarin gina azuzuwa 28,264.

Waɗannan alƙaluma na jihar ce baki ɗaya, mai ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Amma idan aka sauko ƙauyukan Makoɗa, Tsanyawa, Bagwai, Minjibir ko Dawakin Tofa, abin da suke nufi ba shi da wuyar ganewa. Makaranta ce mai gini biyu ko uku, kowane gini aji biyu da ɗan ofis a tsakiya ko a gefe. Wasu gine-ginen tun zamanin shirin UPE suke, wanda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar a Satumban 1976. Yaran da suka fara zama a cikinsu yanzu jikokinsu ne ke shiga, kuma yawan jama'a ya ninka. Ƙidayar 2006 kaɗai ta ba Kano mutum miliyan 9.4.

Da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, an ƙara kiran iyaye su kai yara. Azuzuwan da za su karɓe su kuwa ba su ƙaru daidai da kiran ba. A makarantu da dama 'yan aji ɗaya da na aji biyu ɗaki guda suke rabawa, wasu kuma gindin darbejiya ne ajinsu. Da rani ana lallaɓawa a haka. Da hadari ya taso, an tashi ke nan.

Abin da marka ke yi wa gini

Magini zai gaya maka cewa damina ba gaba ɗayanta ce abokiyar gaba ba. Siminti yana son laima. Bulon da aka buga yana buƙatar a riƙa ba shi ruwa kwanaki, kuma sai ya yi kusan kwana 28 kafin ƙarfinsa ya kai inda ake so. Da rani a ƙauyen da rijiya ke ƙafewa, ruwan ban bulo kaɗai kuɗi ne, domin sai an saya a hannun 'yan garuwa. Da damina wannan ɗawainiyar ta ragu.

Sauran abubuwan ne ba sa tafiya. Ramin harsashi da aka haƙa da safe kan cika da ruwa kafin la'asar. Sabon shafe idan ruwa ya doke shi kafin ya kama, wankewa yake yi. Rafukan da ake ɗibar yashi sun kawo, farashin tifa ya tashi, kuma direba yana iya ƙin shiga hanyar da ya san motarsa za ta kafe. Siminti da rodi da kwano daga birni ake kawo su, rodi daga Ƙofar Ruwa, katako daga 'yan katako na Na'ibawa ko Rijiyar Lemo. Idan buhun siminti ya kwana biyu a ajin da ke yoyo, ya zama dutse. Inda jama'a suka yi niyyar yin katanga ko ɗakin ajiya da tubalin ƙasa kuwa, babu ma maganar farawa, domin tubali rana yake so.

Sannan ga ma'aikata. A ƙauye birkila manomi ne, kafinta manomi ne, lebura ma haka. Aikin gayya, wanda shi ne jarin da talaka ke iya zubawa a makarantar garinsu, ba ya haɗuwa a lokacin da ake maimai, ana zuba taki, ana fama da ciyawa a gyaɗa da wake. Mutumin da zai ba da yini uku kyauta a watan Fabrairu, a Agusta ko da kuɗi sai an roƙe shi. Ba ƙin makaranta ba ne. Abincin gidansa na shekara guda ne ke tsaye a gona.

Kuɗin kaya ma bai taimaka ba. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin dakon kaya ya yi sama. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge a watan Fabrairu aka yi maganar sayar da shi tsakanin naira 7,000 zuwa 8,000. Ƙiyasin da aka rubuta a watan Maris, idan kuɗin bai fito ba sai Agusta, ba lallai ya kai aikin ƙarshe ba. Daga nan ake fara rage siminti a bulo, a rage rodi a ginshiƙi, a sayi kwano mai laushi.

Rufi ne ke fara tafiya

Mafi yawan azuzuwan da suka mutu a karkarar Kano ba rushewa suka yi haka kawai ba. Daga sama mutuwar ke farawa. Iskar farkon damina, ta watan Mayu da Yuni, wadda ke zuwa da ƙura kafin ruwa ya sauka, ita ce ke kware kwano. Ginin aji dogo ne, yana tsaye a fili, tagoginsa da ƙofofinsa sau da yawa sun ɓalle. Iska tana shiga ta ciki ta tura rufin sama, wadda ke wucewa ta waje kuma tana fizgarsa. Idan katakon ɗora shi kawai aka yi a kan bango aka buga ƙusa, dare ɗaya ya isa.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Ruwa ya sauka a kan silin ya zubo da shi. Ya jiƙa kan bango, shafe ya fara ɓarewa. Daɓe ya farfashe, gara ta samu hanya ta kama katakon da ya rage da bencina. Gyaran da a watan Yuni bai wuce bandir biyu na kwano da aikin kafinta na kwana uku ba, idan ya ga damina biyu sai ya koma aikin ɗan kwangila.

Maganin ba sabo ba ne, kuma kowane tsohon kafinta ya san shi. A ɗaure katako a jikin linta da rodi ko waya mai kauri tun lokacin zuba kankare. A shafe katakon da maganin gara, ko baƙin mai inda babu hali. A ɗaga bango ya zarce bakin kwano, wato a yi wa ginin rawani, yadda iska ba za ta samu bakin kamawa ba. A mayar da tagogi da ƙofofi kafin a yi maganar fenti. A dasa layin darbejiya ta gabas, inda hadari ya fi tasowa, amma nesa kaɗan da bango saboda saiwa.

Sai dai fenti ne ke fitowa a hoto. Abin takaici ne yadda ake samun ginin da aka shafe da sabon launi, aka rubuta sunan wanda ya ɗauki nauyin aikin da manyan baƙaƙe, alhali katakon da ke ƙarƙashin kwanon shi ne dai wanda gara ta cinye. Irin wannan gyaran ba ya wuce iskar baɗi.

Batun ingancin gini kuma ba na ado ba ne. Ranar 12 ga Yuli, 2024, ginin makarantar Saint Academy da ke Jos ya rufta ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu. Bene ne a cikin gari, ba ajin ƙauye ba, amma bulon da aka ƙwarar da siminti bai san bambancin birni da ƙauye ba.

Ina za a sa sabon ajin?

Gyara wahalarsa kuɗi da lokaci. Faɗaɗawa kuwa tana da wata wahalar da ta fi wannan yanki tsanani a kan sauran sassan Arewa: babu fili.

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano tana cikin karkarar da ta fi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana nazarin yankin tun daga shekarun 1960. Abin da ya nuna shi ne manoman nan sun daɗe da daina barin gona ta huta. Kowace shekara ana noma ta, ana riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da shara da toka, har da wanda jakuna ke ɗaukowa daga birni. Ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo da ke tsaye a gonakin ma duk da masu su.

Tun wancan lokacin gado ya ƙara rarraba gonakin. Wadda kaka ya noma shi kaɗai yanzu jikoki da yawa ne ke da kunya-kunya a cikinta. Don haka idan kwamitin makaranta ya ce yana son taku ashirin daga gabas domin aji biyu da banɗaki, abin da yake nema shi ne damin gero na wani gida, na bana da na kowace shekara mai zuwa.

Yawancin waɗannan makarantu kuma ba su da takardar fili. Dagaci ko mai unguwa ne ya nuna wuri shekaru da yawa da suka wuce, dattawa suka shaida, aka kafa dutse ko aka ce iyaka ita ce wancan itacen. Dattawan sun rasu, itacen an sare. Kowace damina garma tana ɗan ƙara kunya ɗaya zuwa cikin filin wasa, babu wanda ya yi magana saboda maƙwabtaka, har ranar da aka zo auna wurin sabon gini a tarar filin da ake taƙama da shi ya zama gonar gyaɗa. Wani lokacin ma hedimasta ne da kansa ya ba da aron bayan aji a noma, shekara ta bi shekara, aro ya fara kama da mallaka.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon karɓar fili a karkara domin amfanin jama'a. Amma diyyar da ta tanada ta abin da ke kan filin ce, kamar amfanin gona da itatuwa da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Manomin da aka biya kuɗin geron shekara ɗaya aka karɓe gonar da zai bar wa 'ya'yansa ba zai ga adalci a ciki ba, ko da doka ta ce an yi daidai. Shi ya sa hanyoyin da suka fi ɗorewa su ne na cikin gida: a yi musaya a ba shi wata gonar, ko masu hali na garin da ke kasuwanci a Dawanau ko Kwari su haɗa kuɗi su saya a farashin da ake sayar da gona, ko wani ya ba da tasa wakafi. Kowace aka bi, sai an zauna da dukkan magada, har da mata, an rubuta, hakimi da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma sun sa hannu. Wakafin da aka yi da baki a ƙofar masallaci yakan dawo ya zama shari'a bayan mai shi ya rasu.

A nan ma Agusta ba ya taimako. Babu mai yarda a sare masa geron da ya fara fitar da kai domin a haƙa harsashi. Maganar fili ta bayan kaka ce, lokacin da aka kwashe kara, iyakoki suka fito fili, mutane kuma suna da natsuwar zama.

Akwai masu ganin mafita ita ce a hau sama. A wa'adin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, an gina benaye masu azuzuwa a makarantun firamare da dama a jihar, kuma inda fili ya ƙare dabarar tana da ma'ana. Sai dai bene ba aikin gayya ba ne. Yana buƙatar injiniya da rodi na gaske da mai sa ido a kan kowane kankare da aka zuba, kuma ba a gama shi a makonni shida.

Ta ina kuɗin ke zuwa

Hanyoyin suna da yawa, kuma kowace da saurinta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin asusun gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, amma jiha ba ta ɗaukar babban kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa. Daga nan hukumar SUBEB ta jiha ke ba da kwangila. Akwai kwamitocin CRC na ƙananan hukumomi, waɗanda aka san su da gyaran makarantun firamare tun zamanin Kwankwaso, gwamnatin yanzu kuma ta dawo da su. Akwai ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa. Ga makarantun sakandare akwai shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 500 a 2020, Kano na cikin jihohi bakwai na farko, kuma wani ɓangare na kuɗinsa kai tsaye yake zuwa ga kwamitocin makarantu domin ƙananan gyare-gyare.

Wannan kwamiti, da aka fi sani da SBMC, shi ne ya fi kusa da aikin. A tsarinsa akwai hedimasta da wakilin masu sarauta da malamin addini da wakilan mata da tsofaffin ɗalibai da masu sana'ar hannu. Inda yake da rai, shi ne ke ƙirga buhunan siminti idan an sauke, ya san bulo nawa aka fitar daga kowane buhu, ya kuma san kafintan da rufinsa bai taɓa tashi ba. Inda sunaye ne kawai a takarda, ɗan kwangila yakan zo daga birni da ma'aikatansa, ba wanda ya ga takardar abin da aka ce ya yi, don haka ba wanda zai iya cewa bai yi ba. Liƙa wannan takarda a ƙofar ofishin hedimasta, da Hausa, ba ya cin ko kwabo.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi da aka tsara bisa kalandar manomi. Kasafi yana bin shekarar gwamnati, takardu suna bin ofisoshi, kuɗi kuma yana fitowa ranar da ya fito. Da za a juya tsarin, dogon hutu zai zama lokacin ƙarasa aiki maimakon fara shi. A gama maganar fili a Nuwamba ko Disamba. A tara yashi da tsakuwa da rani, lokacin da tifa ke shiga ko'ina. A buga bulo tsakanin Janairu da Maris, musamman a garuruwan da ke kusa da ruwa irin madatsar Tomas ta wajen Ɗambatta ko ta Watari a Bagwai. Sabon gini da ke gefe ba ya buƙatar a tashi yara, ana iya ɗaga shi ana karatu idan an killace wurin. A duba kowane rufi a ɗaure shi a watan Afrilu. Abin da zai rage wa Agusta shi ne aikin cikin ɗaki: daɓe, silin, allo, tagogi, gyaran benci, waɗanda ruwan sama ba ya hanawa.

Akwai kuma abin da ake yawan bari sai ƙarshe, kuɗi ya ƙare kafin a kai gare shi, wato banɗaki da ruwa. A makarantar da gonaki suka kewaye ta ko'ina, da damina babu ko inda yaro zai tsuguna ba tare da ya shiga shukar wani ba. Yarinyar da ta kai aji biyar ko shida takan zaɓi ta koma gida, kuma ba kullum take dawowa bayan tara ba. Ramin masai ma da rani ake haƙa shi, domin a marka rubzawa yake yi.

Ko an gama komai a kan lokaci, sabon aji yana buƙatar wanda zai tsaya a gaban allo. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Kwalejin ilimi ta tarayya da ke Bichi da Kwalejin Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso suna yaye masu takardar NCE kowace shekara, da yawansu 'yan waɗannan ƙauyukan ne, wasu suna koyarwa a matsayin 'yan sa-kai suna jiran a ɗauke su. A makarantar da malami ɗaya ko biyu ke riƙe da aji shida, idan aka ƙara ɗakuna biyu ba a turo kowa ba, hedimasta yakan ci gaba da haɗa yaran a ɗaki guda domin ya iya ganinsu duka. Sabon ɗakin sai a sa masa kwaɗo, a ajiye karyayyun bencina a ciki.